Kuɗin hidima a gidajen fulat na Ingila: Wa ke biya, wa ke yanke shawara?

Wanda ya sayi fulat a dogon bene a Landan, Manchester ko Birmingham, ba ya daɗewa yake gane cewa kammala biyan kuɗin gidan bai raba shi da biya ba. Kowace shekara takarda za ta iso masa daga kamfanin da ke kula da ginin, ɗauke da kasonsa na kuɗin shara, wutar matakala, inshora, gyaran rufi da ladan masu aiki. Wannan shi ake kira kuɗin hidima, kuma a Ingila da Wales ya zama ɗaya daga cikin batutuwan gidaje da suka fi kai mutane gaban kotu da gaban 'yan majalisa.

Tushen rigimar guda ne: masu fulat ke biyan kuɗin, amma mai ginin ko wakilinsa ke yanke shawarar abin da za a yi, da wanda za a ba aikin, da nawa za a kashe. Yawancin dokokin da Majalisar Birtaniya ta yi a kan lamarin tun daga 1985 yunƙuri ne na rage wannan rata. Batun ya shafi 'yan Najeriya da ke sayen fulat a can domin 'ya'yansu masu karatu ko domin zuba jari, kuma akwai darasi a cikinsa ga mazauna rukunin gidaje a Abuja, Legas da Kano.

Mece ce mallakar wa'adi?

Dokar Ingila ta san manyan hanyoyi biyu na riƙe gida. Ta farko ita ce mallakar dindindin, inda ƙasa da ginin da ke kanta suke hannun mutum ba tare da iyakar lokaci ba. Ta biyu ita ce mallakar wa'adi, inda mai saye ke samun ikon zama a gidan, da sayar da shi, da barinsa gado, amma na adadin shekarun da aka rubuta a yarjejeniya. An fi yin wa'adin shekara 99 ko 125 ko 999. Idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba, gidan yana komawa hannun mai mallakar dindindin, wanda a nan za a riƙa kira mai gini.

Agogon wa'adin yana fara tafiya ne daga ranar da aka ƙulla yarjejeniyar farko, ba daga ranar da sabon mai saye ya shiga ba. Wanda ya sayi fulat a 2024, alhali wa'adinsa na shekara 99 ya fara a 1990, shekara 65 kawai ya saya. Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa gidajen da ke kan wannan tsari a Ingila sun kusa miliyan biyar, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk gidajen ƙasar, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 nasu fulat ne.

A idon doka, mai fulat ɗan haya ne na dogon zango, ko da ya biya fam dubu ɗari biyar. Abin da ke hannunsa shi ne cikin ɗakunansa. Harsashi, ginshiƙai, bangon waje, rufi, matakala, na'urar hawa bene da farfajiya, galibi na mai gini ne. Shi ke da alhakin gyara su, masu fulat kuma su mayar masa da abin da ya kashe.

Me ya sa aka tsaya a kan wannan tsari?

Tarihi da doka ne suka haɗu. Tun ƙarni na 18 manyan iyalai masu filaye a Landan, irin su iyalin Grosvenor masu Mayfair da Belgravia da iyalin Cadogan masu Chelsea, ba sa sayar da ƙasa. Sukan ba magina aron fili na tsawon shekaru, a ƙarshe fili da gini su dawo hannunsu.

Dalilin doka kuwa ya fi wannan nauyi. Kotunan Ingila sun daɗe da yanke cewa alkawarin kashe kuɗi a kan gyara, wanda mai mallakar dindindin ya ɗauka, ba ya hawa kan wanda ya sayi gidan daga hannunsa. An tsayar da wannan ƙa'ida a 1885, aka sake tabbatar da ita a 1994. Ma'anarta a dogon bene ita ce, da za a sayar da kowane fulat dindindin, ba yadda na ƙasa zai tilasta wa sabon mai fulat na sama ya gyara rufi. Alkawarin da ke cikin yarjejeniyar haya kuwa yana bin gidan duk hannun da ya shiga. Shi ya sa magina da bankunan ba da lamunin gida suka rungumi mallakar wa'adi.

Wasu ƙasashe sun warware matsalar ta wata hanya. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta yi doka a 1961 wadda ta ba kowa mallakar fulat ɗinsa dindindin, sassan tarayya kuma suka zama na ƙungiyar masu fulat. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 1971. Scotland, wadda ke cikin Birtaniya amma da dokokinta daban, ita ma masu fulat ke mallakar gidajensu kai tsaye.

Masu hannu a tafiyar da gini

Mai gini na iya zama mutum ɗaya, ko kamfanin zuba jari da ya sayi ɗaruruwan gine-gine domin kuɗin da suke kawowa, ko ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar samar da gidaje. A wasu gine-ginen, yarjejeniyar ta ɗora alhakin kulawa a kan kamfanin mazauna, wanda masu fulat ne 'yan hannun jarinsa kuma daga cikinsu ake zaɓar daraktoci.

Ko wane ne ke da alhakin, aikin yau da kullum yakan faɗa hannun wakilin kula da gini. Shi ke tsara kasafin shekara, ya aika takardun biya, ya ɗauki masu shara da 'yan kwangila, ya sabunta inshora, ya duba matakan kashe gobara, ya bi masu bashi. Wanda ya naɗa shi yake yi wa aiki, amma daga aljihun masu fulat ake biyan ladansa. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana yawancin ƙorafe-ƙorafen da ake yi.

An daɗe ana kukan cewa doka ba ta buƙatar mutum ya mallaki lasisi ko takardar ƙwarewa kafin ya buɗe irin wannan kamfani, duk da miliyoyin fam na jama'a da ke ratsa hannunsa. Tun watan Oktoban 2014 dai wajibi ne kowane wakili a Ingila ya yi rajista da ɗaya daga cikin hukumomin sauraron koke da gwamnati ta amince da su. A 2019 wani kwamiti ƙarƙashin Lord Best ya ba da shawarar a kafa hukumar da za ta riƙa ba wakilai lasisi da sa musu ido.

Abin da kuɗin hidima ya ƙunsa

Ana iya kasa shi gida huɗu. Akwai kuɗin yau da kullum: shara, lambu, wutar sassan tarayya, duba na'urar hawa bene da ƙararrawar gobara, albashin mai tsaron ƙofa. Akwai inshorar ginin gaba ɗaya. Akwai ladan wakili da na akanta. Sai kuma asusun ajiya, inda ake tara kuɗi a hankali domin manyan ayyuka da ba sa zuwa sai bayan shekaru, kamar sauya rufi ko fentin bangon waje.

Ƙa'idar farko ita ce ba a karɓar kuɗin abin da yarjejeniya ba ta ambata ba. Idan ta ce gyara kawai, mai gini ba zai ƙawata ginin da sabon abu ya ɗora wa masu fulat ba. Idan ba ta tanadi asusun ajiya ba, ba za a tilasta wa kowa zubi a ciki ba. Yarjejeniyar ce kuma ke faɗin kason kowa, ko dai daidai wa daida, ko bisa faɗin fulat, ko bisa yawan ɗakuna. Don haka mai zama a hawan ƙasa na iya biyan kason gyaran na'urar hawa bene da bai taɓa shiga ba, muddin abin da ya sa wa hannu ke nan.

Galibi ana biya ne tun kafin a kashe, bisa ƙiyasin kasafi, sau ɗaya ko biyu a shekara. A ƙarshen shekara a fitar da lissafin abin da aka kashe. Idan an zarce, a nemi ciko. Idan an yi rara, a rage daga na gaba ko a zuba a asusun ajiya, gwargwadon abin da yarjejeniya ta ce.

Kuɗin ƙasa abu ne daban

Mutane da yawa na haɗa kuɗin hidima da kuɗin ƙasa, alhali ba ɗaya ba ne. Kuɗin ƙasa haya ce zalla da ake biyan mai gini kowace shekara, ba a musayar wani aiki ba. A da ɗan kaɗan ne. Daga baya wasu magina suka shigo da sharaɗin cewa zai riƙa ninkawa duk shekara goma. Kuɗin da ya fara a fam 250, idan ya ninka sau biyar, ya kai fam 8,000 a shekara bayan shekara 50. Bankuna suka daina ba da lamuni a kan irin waɗannan gidaje, masu su suka kasa sayarwa. A 2017 kamfanin gine-gine na Taylor Wimpey ya ware fam miliyan 130 domin gyara yarjejeniyoyin da ya sayar, a 2019 kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike a kan harkar.

Daga 30 ga Yunin 2022, doka ta hana karɓar kuɗin ƙasa a sababbin yarjejeniyoyin dogon wa'adi. Abin da ta bari shi ne tsohon lafazin lauyoyin Ingila, wato hayar ƙwayar masoro guda a shekara, wadda ba wanda ke karɓa. Dokar ba ta shafi tsofaffin yarjejeniyoyi ba.

Kariyar da doka ta tanada

Ginshiƙin kariyar shi ne Dokar Mai Gida da Ɗan Haya ta 1985. Sashe na 19 ya ce ba a bin mai fulat kuɗin hidima sai gwargwadon abin da aka kashe bisa hankali, kuma sai aikin ya kai ingancin da ya dace. Ba lalle ne mai gini ya ɗauki farashi mafi araha ba, amma dole ya iya kare zaɓinsa.

Dokar ta ba mai fulat ikon neman taƙaitaccen lissafin shekarar da ta gabata a rubuce. Idan ginin ya haura gida huɗu, sai ƙwararren akanta ya sa hannu a kai. Cikin wata shida da samun lissafin, yana da ikon neman ganin rasit da takardun biya da idonsa, ya kuma kwafa. Hana shi wannan ba tare da uzuri ba laifi ne da ake cin tara a kai.

Akwai kuma ƙa'idar wata 18. Idan mai gini ya kashe kuɗi, ya wuce wata 18 bai nemi a biya shi ba, kuma bai sanar da masu fulat a rubuce cewa kuɗin na tafe ba, ya yi asararsa. Kowace takardar neman biya dole ta ɗauki suna da adireshin mai gini, a kuma haɗa ta da taƙaitaccen bayanin haƙƙoƙin mai fulat. Idan babu waɗannan, mai fulat na iya riƙe kuɗinsa har sai an gyara.

Dokar 1987 ta ƙara da cewa kuɗin hidima da asusun ajiya amana ce a hannun mai gini, ba dukiyarsa ba. Ko ya karye, masu binsa bashi ba su da rabo a ciki.

Manyan ayyuka da wajibcin shawara

Inda aka fi jin zafi shi ne manyan ayyuka. Sashe na 20 na dokar 1985 ya ce duk aikin da zai ci wa ko da mai fulat ɗaya fiye da fam 250, sai an yi shawara da masu fulat kafin a fara. Haka duk kwangilar da ta wuce wata 12, idan za ta ci wa wani fiye da fam 100 a shekara.

Shawarar tana da matakai. Da farko mai gini zai aika sanarwar abin da yake son yi da dalilinsa, ya ba da kwana 30 a yi tsokaci, kuma masu fulat na iya kawo sunan ɗan kwangilar da suke so a nemi farashinsa. Sannan ya gabatar da aƙalla ƙiyasi biyu, ɗaya daga wanda ba shi da wata alaƙa da shi, ya sake ba da kwana 30. Idan ya zaɓi wanda ba shi ne mafi araha ba, kuma ba wanda masu fulat suka kawo ba, sai ya faɗi dalili a rubuce.

Wanda ya tsallake waɗannan matakai ba zai karɓi fiye da fam 250 daga kowa ba. Alal misali, a bene mai fulat 20 da aka sauya wa rufi a kan fam 60,000, kason kowa fam 3,000 ne. Idan ba a yi shawara ba, abin da mai gini zai tara duka fam 5,000 ne, sauran fam 55,000 ya biya daga aljihunsa.

Sai dai Kotun Ƙolin Birtaniya ta sassauta wannan a 2013, a shari'ar Daejan da Benson, wadda ta taso daga wani gini a unguwar Muswell Hill ta arewacin Landan. Da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, kotun ta ce ana iya yafe wa mai gini kuskuren shawara, kuma abin dubawa shi ne ko kuskuren ya jawo wa masu fulat wata asara ta zahiri. Tun daga lokacin, bai isa mai fulat ya ce ba a tuntuɓe shi ba, sai ya nuna abin da rashin tuntuɓar ya jawo masa.

Waɗanda suka sayi fulat daga ƙananan hukumomi, a ƙarƙashin shirin sayar wa 'yan haya gidajen gwamnati da aka fara a 1980, su ma sun ɗanɗana. Bayan rasuwar wata tsohuwa 'yar shekara 93 a gabashin Landan, wadda aka aika wa takardar biyan kusan fam 50,000 na gyaran rufi, gwamnati ta sa iyaka a 2014: a ayyukan da ta ba da tallafi, ba za a karɓi fiye da fam 15,000 a Landan ko fam 10,000 a wajenta ba cikin shekara biyar.

Zuwa kotu da iyakarsa

Wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙara kotun musamman ta kadarori, wadda ta fara aiki da sabon tsarinta a Ingila a watan Yulin 2013. Ita ke yanke ko kuɗin ya hau kan mai fulat, da nawa, da ranar biya. Kuɗin shigar da ƙara ba shi da yawa, kuma ba dole sai da lauya ba. Biyan kuɗin ba ya nufin an amince da shi, don haka masana kan ba da shawarar a biya tare da rubuta rashin amincewa, sannan a je kotu. Yana da muhimmanci mai ƙara ya roƙi kotun ta hana mai gini zuba kuɗin lauyoyinsa cikin kuɗin hidima, in ba haka ba yana iya cin shari'a ya kuma biya kuɗin wanda ya kayar.

Kotu ba ta ceton mutum daga abin da ya sa wa hannu. A shari'ar Arnold da Britton ta 2015, masu wasu ƙananan gidajen hutu a Oxwich da ke kudancin Wales sun amince da kuɗin hidima na fam 90, wanda zai riƙa ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 duk shekara, ƙari a kan ƙari. Kotun Ƙoli ta lissafa cewa yarjejeniyar da aka ƙulla a 1980 za ta kai sama da fam 550,000 a shekara nan da 2072, amma duk da haka ta ce lafazin a fili yake, kuma ba aikin alƙali ba ne ya sake wa mutane cinikin da suka yi. Da yake adadin tsayayye ne, ba ya bin abin da aka kashe, kariyar dokar 1985 ba ta hau kansa ba.

Sakamakon ƙin biya

Ƙin biya kai tsaye hanya ce mai haɗari. Yawancin yarjejeniyoyi sun ba mai gini ikon soke wa'adin ya ƙwace fulat, ba tare da mayar wa mai shi ko kwabo ba. Doka ta ɗaure wannan iko da sharuɗɗa: sai bashin ya haura fam 350 ko ya wuce shekara uku, kuma sai kotu ta tabbatar da shi ko mai fulat ya amsa. Ƙwacewa ba ta cika faruwa ba, domin da zarar an sanar da bankin da ya ba da lamuni, yakan biya ya ɗora a kan bashin mai gidan. Amma barazanar kaɗai kan sa mutane biyan abin da suke da hujjar ƙalubalanta. Masu fulat da ke zaune a ƙasashen waje sun fi shiga wannan tarko, saboda takardu na taruwa a adireshin da ba wanda ke dubawa.

Bayan gobarar Grenfell

A ranar 14 ga Yunin 2017 gobara ta cinye benen Grenfell mai hawa 24 a yammacin Landan, mutum 72 suka rasu. Fallayen da aka lulluɓe bangon waje da su ne suka yaɗa wutar. Binciken da ya biyo baya ya gano dubban gine-gine masu irin wannan lahani, kuma da yake yarjejeniya ta ce masu fulat ke biyan gyara, sai takardun dubban fam suka fara isa ga mutanen da ba su suka yi ginin ba. Kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, aka ɗauki masu sintirin gobara dare da rana, duk a kan kuɗin hidima.

Dokar Kare Lafiyar Gine-gine ta 2022 ta kawo sauƙi a benayen da suka kai mita 11 ko hawa biyar. Mai fulat da ya cancanta ba zai biya komai ba a kan sauya fallayen waje. A kan sauran lahani kuma, abin da za a iya karɓa daga mafi yawansu bai wuce fam 15,000 a Landan da fam 10,000 a wajenta ba, a rarrabe cikin shekara goma. Cancanta ta dogara ne a kan yadda abubuwa suke a ranar 14 ga Fabrairun 2022: ko fulat ɗin shi ne mazaunin mai shi, ko kuma gidajensa a Birtaniya ba su wuce uku ba.

Karɓe ragama

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mafi ƙarfin haƙƙoƙin masu fulat na haɗin gwiwa ne. Dokar 2002 ta ba su ikon karɓe tafiyar da gini ba tare da sun tabbatar da laifin kowa ba. Sharaɗi shi ne kashi biyu cikin uku na gidajen su kasance a kan wa'adin da ya wuce shekara 21, kuma aƙalla rabin masu fulat su shiga kamfanin da za a kafa. Daga nan su ke naɗa wakili, su ke sallamarsa. Tun watan Maris na 2025, benen da shaguna ko ofisoshi suka kai rabinsa ma ya cancanta, alhali a da iyakar kashi ɗaya cikin huɗu ce.

Dokar 1993 kuma ta ba su ikon haɗa kuɗi su sayi mallakar dindindin ta ginin ko mai shi bai so ba, ta kuma ba kowane mutum ikon ƙara shekara 90 a kan wa'adinsa. A nan shekara 80 ita ce iyakar da ake tsoro: da zarar wa'adi ya faɗi ƙasa da ita, farashin sabuntawa na tashi, domin mai gini na samun rabin ƙarin darajar da sabuntawar ta kawo. Inda kuwa aka tabbatar da sakaci, kotu na iya naɗa manajan da zai riƙa ba ta rahoto kai tsaye.

Karɓe ragama ba ya rage tsadar rufi. Daraktocin mazauna na ɗaukar duk nauyin da ke kan mai gini, har da bin maƙwabta bashi. Abin da ke sauyawa shi ne mai biya ya zama mai yanke shawara.

Gyare-gyaren baya-bayan nan

Dokar gyaran mallakar gidaje da aka sa wa hannu a ranar 24 ga Mayun 2024 ta tanadi ƙarin wa'adi na shekara 990, da takardar neman kuɗin hidima mai tsari ɗaya, da rahoton shekara-shekara, da hana ɓoyayyen kamasho a kan inshora. An tsara sassanta su fara aiki daki-daki ta hanyar ƙananan dokoki. Daga 31 ga Janairun 2025 an cire sharaɗin sai mutum ya shekara biyu da saye kafin ya nemi ƙarin wa'adi. A watan Maris na 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufa cewa tana son mallakar tarayya, irin ta Ostireliya, ta zama tsarin sababbin fulat. Wannan tsari yana cikin doka tun 2002, amma gine-ginen da suka ɗauke shi ba su kai 20 ba, domin magina ba su ga riba a ciki ba.

Inda batun ya haɗu da Najeriya

Mallakar wa'adi ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni bisa amana, takardar shaidar mallaka kuma yawanci ta shekara 99 ce, tare da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sayar wa ma'aikata gidajenta a Abuja daga 2005, dubban mutane sun zama masu fulat a benaye na Wuse da Garki, rufi da matakala da magudanar ruwa kuma suka zama nauyin da sai an haɗu ake ɗauka. A sababbin rukunin gidaje, man janareta, rijiyar burtsatse da masu gadi ne ke cinye kuɗin hidima. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta ba da rasit daban na kuɗin hidima, da rubutaccen lissafin yadda aka kashe shi aƙalla duk wata shida.

Abin dubawa kafin saye

Lauyoyin Ingila kan nemi wasu takardu kafin a biya kuɗin fulat: cikakkiyar yarjejeniyar da shekarun da suka rage, sharaɗin kuɗin ƙasa da yadda yake ƙaruwa, lissafin kuɗin hidima na shekara uku da suka wuce, adadin da ke asusun ajiya, duk wata sanarwar babban aiki da ke tafe, rahoton haɗarin gobara, da ko yarjejeniyar ta yarda a ba da fulat ɗin haya. Kuɗin hidima mai araha a tsohon bene da asusunsa ba komai ba alamar sauƙi ba ne, sau da yawa gyara ne aka jinkirta, kuma wanda ke riƙe da fulat ranar da takardar ta fito shi zai biya. Mai saye da ke zaune a wata ƙasa yana buƙatar ya ba wakilin ginin adireshin da saƙo zai same shi, domin kwana 30 na shawara ba sa jiran wanda ke Kano ko Abuja.